Darasi na Tara: Maganar Allah, Alkawari da Zaɓen Isra'ila a Labaran Baibul

Rana ta yi sanyi, wani tsoho yana tsaye a fili yana korar tsuntsaye masu cin nama. A gabansa akwai karsana da akuya da rago, kowanne ɗan shekara uku. Ya tsaga su gida biyu, ya jera ɓangarorin suna fuskantar juna, ya bar hanya a tsakani. Akwai kuma kurciya da ɗan tantabara, waɗanda bai tsaga ba. Tsohon nan Ibrahim ne, a lokacin ana kiransa Abram, labarin kuwa yana babi na 15 na littafin Farawa, littafin da ya buɗe Attaura. Barci mai nauyi ya kwashe shi, tsoro ya lulluɓe shi. Da duhu ya kankama, sai ga wani abu kamar tanderu yana tuƙa hayaƙi, tare da harshen wuta, suka ratsa ta tsakanin naman.

Mutanen wancan zamani sun san ma'anar wannan aiki. Mai ɗaukar alkawari yakan bi ta tsakanin dabbar da aka tsaga don ya la'anci kansa: in ya saɓa, abin da ya sami dabbar ya same shi. Littafin Irmiya, babi na 34, ya ambaci manyan Urushalima da suka ratsa tsakanin ɗan maraƙi suka yi alkawarin 'yanta bayinsu, daga baya suka sake kama su, kuma annabin ya yi musu barazana da makomar maraƙin. Abin mamaki a labarin Ibrahim shi ne bai taka hanyar ba. Wutar da hayaƙin, alamun zuwan Allah, su kaɗai suka wuce. Rantsuwar gaba ɗaya Allah ya ɗora wa kansa.

Wannan darasi zai bi labarin yadda Baibul ya bayar da shi. Ɗalibi Musulmi zai gane sunaye da yawa, Nuhu da Ibrahim da Musa da Dawuda, amma zai tarar da bayanai da suka bambanta da abin da ya sani a Alƙur'ani da ƙissoshin annabawa. Ɗalibi Kirista kuma zai ga abubuwan da ya saba ji a coci an jera su cikin tsarin da suka zo. Dukansu suna da abin ƙaruwa, domin waɗannan labarai sun daɗe suna juya tunanin duniya.

Allah mai magana

Marubutan Baibul ba sa ɓata lokaci wajen siffanta Allah. Mai karatu yana saninsa ta abin da ya faɗa da abin da ya biyo bayan faɗar. A babin farko na Farawa, haske da sararin sama da tsire-tsire duk da umarnin baki suka samu. Malaman Yahudawa na dā, a littafin Mishna, sun ƙirga cewa da furuci goma aka halicci duniya. Daga nan har ƙarshen Attaura, kusan duk wani babban juyi da magana yake farawa: Nuhu ya ji umarnin sassaƙa jirgi, Ibrahim ya ji kiran barin gida, Musa ya ji an kira sunansa daga cikin kurmin da ke cin wuta bai ƙone ba.

Sai dai maganar ba ta cika nan take. Jira shi ne ƙashin bayan labarin. Ibrahim yana da shekara 75 aka ce masa ya bar Haran, za a mai da shi babbar al'umma, a ba zuriyarsa ƙasa. Matarsa Saratu ba ta haihuwa. Ya kai shekara 100 kafin a haifi Ishaku. Ƙasar da aka yi masa alkawari kuwa, har ya rasu abin da ya mallaka a cikinta shi ne gona ɗaya da kogon Makfela a Hebron, wanda ya saya da shekel 400 na azurfa don ya binne Saratu. Musa ma, bayan shekara 40 yana jan jama'a a hamada, daga kan Dutsen Nebo ya hango ƙasar, ya rasu bai shiga ba. Attaura ta ƙare alkawarin yana nan a rataye.

Kuma maganar ba ta tafiya gefe guda. Ibrahim ya tambayi Allah ta yaya zai san zai gāji ƙasar. A babi na 18 ya tsaya yana roƙo a kan Saduma, yana rage adadin mutanen kirkin da za a ceci birnin dominsu, daga hamsin har ya sauko goma. Musa ya kawo uzuri bayan uzuri don kada a aike shi wurin Fir'auna, har da cewa bakinsa yana da nauyi. Wanda aka zaɓa a waɗannan labarai ana ba shi damar tambaya da kuka da roƙo, kuma ana sauraronsa.

Me ya sa Ibrahim?

Kafin a zo kan Isra'ila, akwai alkawarin da ya riga nata. A babi na 9 na Farawa, bayan ruwan tsufana, Allah ya ɗaura alkawari da Nuhu da zuriyarsa da dukan abu mai rai, har dabbobi, cewa ba za a sake hallaka duniya da ruwa ba. Bakan gizo ne alamarsa. Babi na 10 ya jera al'ummun duniya, babi na 11 ya ba da labarin hasumiyar Babel da warwatsuwar mutane. Sai bayan wannan duka labarin ya taƙaita kan gida ɗaya. Kiran Ibrahim kansa, a babi na 12, ya ƙare da cewa albarka za ta kai ga dukan dangogin duniya ta hanyarsa. Mai karatun da ya fara daga babi na 12 ya tsallake shimfiɗar da take ba zaɓen ma'ana.

Littafin Farawa bai faɗi dalilin zaɓen Ibrahim ba. Labarin da aka sani na yadda ya farfasa gumaka yana cikin Alƙur'ani, yana kuma cikin tafsirin Yahudawa da ake kira Bereshit Rabba, amma Farawa bai kawo shi ba. Abin da littafin Joshuwa ya ƙara shi ne mahaifinsa Tera ya bauta wa waɗansu alloli a hayin kogin Yufiretis. Shirun nan ya ci gaba a zuriya. A al'ummar da dokarta ta ba ɗan fari rabo biyu na gādo, labarin ya yi ta ɗauko ƙarami: Ishaku bayan Isma'ilu, Yakubu bayan Isuwa, Yusufu a gaban yayyensa, Dawuda autan Yesse da aka ɗauko daga wurin kiwo. Ba a kuma ɓoye aibinsu ba. Yakubu, wanda aka sauya wa suna zuwa Isra'ila bayan kokawar dare a bakin rafin Yabbok, shi ne ya yaudari mahaifinsa makaho ya karɓe albarkar wansa. Da wuya a sami wata al'umma ta dā da ta rubuta tarihin kakanta da irin wannan rashin kāra.

Waɗanda ba a zaɓa ba kuma ba a yar da su ba, kuma wannan wuri ne da masu wa'azi suke yawan wucewa da sauri. Mala'ikan Ubangiji ya yi magana da Hajara, mahaifiyar Isma'ilu, sau biyu a jeji. An yi wa Isma'ilu kaciya yana ɗan shekara 13, rana ɗaya da mahaifinsa, an yi masa alkawarin sarakuna goma sha biyu daga tsatsonsa, kuma shi da Ishaku tare suka binne Ibrahim. Isuwa ya rungumi ƙanensa da ya cuce shi, daga baya aka hana Isra'ilawa taɓa ƙasar zuriyarsa a Dutsen Seyir, domin Allah ne ya ba su.

A gindin dutse

Alkawarin Sinai wani iri ne dabam. A wata na uku bayan fita daga Masar, jama'a suka sauka a gindin dutsen. Wannan karo an sa sharaɗi: in suka yi biyayya suka kiyaye alkawarin, za su zama keɓaɓɓiyar dukiyar Allah, al'umma mai aikin firistoci a tsakanin al'ummai. Aka yi tsawa da walƙiya da ƙarar ƙaho, dutsen yana hayaƙi, aka furta Dokoki Goma a kunnen kowa. Jama'a suka firgita, suka roƙi Musa ya riƙa ji ya faɗa musu, don kada muryar ta kashe su. Matsayin Musa na mai shiga tsakani ya tabbata a nan. Musulmi ma da wannan darajar suka san shi, shi ya sa ake masa laƙabi da Kalimullahi.

Babi na 24 na littafin Fitowa ya nuna yadda aka ɗaure maganar. Musa ya gina bagade, ya kafa ginshiƙai goma sha biyu domin kabilu goma sha biyu, aka yanka bijimai. Rabin jinin ya yayyafa a kan bagaden. Ya karanta littafin alkawarin, jama'a suka amsa da baki ɗaya cewa za su yi, sannan ya yayyafa musu sauran jinin. Dattawa saba'in suka hau tare da Musa da Haruna, suka ci suka sha. A labarin Ibrahim mutum yana barci aka yi rantsuwar. A nan kowa idonsa biyu, kowa ya amsa da bakinsa.

Ba a daɗe ba aka karya. Musa ya yi kwana 40 a kan dutsen, jama'a suka gaji da jira, suka narka 'yan kunnen zinariya suka yi ɗan maraƙi. Allah ya ce zai shafe su ya fara sabuwar al'umma daga Musa. Da me Musa ya roƙa? Da rantsuwar da aka yi wa Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Alkawarin da ba shi da sharaɗi shi ya ceci waɗanda suka karya mai sharaɗi. Aka sassaƙa sababbin alluna biyu a madadin waɗanda Musa ya farfasa. Tsakanin waɗannan alkawura biyu sauran labarin Isra'ila yake kai da kawowa.

Abin da aka tono a ƙasa

Masu binciken kufai sun taimaka ƙwarai wajen fahimtar siffar alkawarin. A kufan Hattusa, babban birnin Hittiyawa a Turkiyya ta yau, an tono allunan yumɓu masu ɗauke da yarjejeniyoyi tsakanin babban sarki da ƙananan sarakunan da ke ƙarƙashinsa. A 1954 wani malami ɗan Amurka, George Mendenhall, ya nuna cewa tsarinsu ya yi kama da na alkawarin Baibul. Babban sarki yakan fara da faɗin sunansa, ya tuna alherin da ya yi wa na ƙasa da shi, sannan ya jera sharuɗɗa, babbansu kada a bi wani sarki. Akan ajiye rubutun a ɗakin ibada a riƙa karantawa, a kira alloli shaida, a rufe da albarka da la'ana. Dokoki Goma ma da gabatarwa suka fara, cewa mai maganar shi ne ya fitar da su daga bauta a Masar, sannan aka hana bin wani allah. An ajiye allunan a akwatin alkawari. Littafin Maimaitawar Shari'a ya ce a karanta dokar ga jama'a duk shekara bakwai, ya kira sama da ƙasa shaida. A Shekem, Joshuwa ya kafa dutse ya ce shi ne shaida.

Wani binciken ya fi wannan kusa. A 1955 aka tono a Nimrud, cikin Iraƙi, allunan rantsuwar da Esarhaddon sarkin Assuriya ya sa aka yi a shekara ta 672 kafin haihuwar Annabi Isa, don tabbatar da gadon ɗansa Ashurbanifal. A 2009 aka sami wani kwafin a cikin ɗakin ibada a Tell Tayinat, kudancin Turkiyya. Rubutun ya umarci talakawan daular su ƙaunaci yariman kamar ransu, ya kuma jera la'anoni, har da ƙasa ta zama ƙarfe, sama ta zama tagulla ta hana ruwa. Irin wannan la'ana tana babi na 28 na Maimaitawar Shari'a, inda albarka ta ɗauki aya 14, la'ana kuma aya 54. A lokacin Esarhaddon, Manassa sarkin Yahuza yana cikin masu biya masa haraji.

Malamai sun rabu a nan. Masu jingina da allunan Hittiyawa suna ganin alkawarin tsoho ne, tun zamanin Musa. Masu jingina da na Assuriya suna ganin an tsara Maimaitawar Shari'a a ƙarni na bakwai, suna haɗa shi da littafin da aka tsinta a Haikali a zamanin Sarki Yosiya wajen shekara ta 622, wanda ya sa sarkin ya yage tufafinsa ya tara jama'a aka sabunta alkawari. Ko wane ɓangare mutum ya bi, akwai abin da ya fito fili. Marubutan sun ɗauki harshen da manyan dauloli ke ɗaure ƙananan sarakuna da shi, suka ce biyayya irin wannan Allah kaɗai ya cancance ta. Ga ƙaramar ƙasa da ke zaune tsakanin Masar da Assuriya, wannan magana ce mai ƙarfin hali.

Nauyin zaɓe

Maimaitawar Shari'a ya toshe ƙofar alfahari. Babi na 7 ya ce ba don yawansu aka zaɓe su ba, su ne ma mafi ƙanƙanta. Dalilin shi ne ƙauna da kuma rantsuwar da aka yi wa kakanni. Babi na 9 ya ce ba don adalcinsu ba ne, domin mutane ne masu taurin kai. Dokokin kuma sun mai da tarihinsu hujja a kansu: kada su zalunci baƙo tunda sun yi baƙunci a Masar, bawa da jaki ma su huta ranar Asabar, a biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, a mayar wa matalauci mayafin da ya jinginar kafin dare.

Amos, makiyayi daga Tekowa a ƙarni na takwas kafin miladiyya, shi ya fi kowa tsananta wannan batu. Ya tarar da masu hali a Samariya suna sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi, suna kuma taƙama da cewa su na Allah ne. Ya ce musu kusancin nan shi ne dalilin da za a hukunta su, kamar yadda wanda aka damƙa wa mabuɗin rumbu shi ake fara tambaya in hatsi ya ɓace. A babi na 9 na littafinsa ya ƙara da abin da ya fi zafi: a wurin Allah Isra'ilawa daidai suke da mutanen Kush, wato mazauna bakin Nilu a kudu da Masar, yankin Sudan ta yau, kuma wanda ya fito da Isra'ila daga Masar shi ne ya fito da Filistiyawa daga Kaftor da Suriyawa daga Kir. Abokan gāba ma suna da nasu labarin fitowa.

Hukuncin ya zo. Samariya ta faɗi a hannun Assuriya wajen shekara ta 722. Dawuda yana da nasa alkawarin, wanda Annabi Natan ya isar masa, cewa sarautar gidansa za ta dawwama, amma wajen 586 Babila ta ƙone Urushalima da Haikalin, ta kwashe manyan gari. Zabura ta 89 kuka ce a kan wannan, tana tambayar ina alkawarin ya tafi. Littafin Sarakuna ya ƙare da Yehoyakin, jikan Yosiya, an fito da shi daga kurkuku yana cin abinci a teburin sarkin Babila, kuma allunan rabon abinci da aka tono a Babila sun ambaci sunansa. A cikin wannan baƙin ciki Irmiya ya yi maganar sabon alkawari da za a rubuta a zuciya.

Akwai ɓangaren da bai kamata a rufe shi ba. Babi na 7 ɗin nan na Maimaitawar Shari'a da ya hana alfahari shi ne kuma ya umarci a hallaka al'ummun Kan'ana, littafin Joshuwa kuma ya ba da labarin yaƙin. Waɗannan ayoyi masu nauyi ne, kuma an yi mugun amfani da su. Turawan Afrikana a Afirka ta Kudu sun ɗauki kansu sabuwar Isra'ila, suka mai da nasarar da suka yi a kan Zulu ranar 16 ga Disamba 1838 ranar alkawari tsakaninsu da Allah, tunanin da daga baya ya zama abin dogaro ga masu mulkin wariyar launin fata. Bayan faɗuwar wannan mulki aka mai da ranar ta zama Ranar Sulhu. Duk wanda ya karanta Joshuwa ya manta da Amos ya karanta rabin littafi. Haka kuma Isra'ilar waɗannan labarai, wadda aka fara ganin sunanta a allon Fir'auna Merneptah na wajen shekara ta 1208 kafin miladiyya, al'umma ce ta dā; ƙasar da aka kafa a 1948 batunta na tarihin zamani ne da siyasa, kuma Yahudawa da Kiristoci kansu suna saɓani a kan alaƙar biyun.

Addinai uku sun gāji labarin, kowanne da karatunsa. Yahudawa suna riƙe da shi a matsayin nauyin kiyaye Attaura, suna yi wa ɗa namiji kaciya a rana ta takwas. Kiristoci suna ganin sabon alkawarin Irmiya ya cika a kan Almasihu, shi ya sa suka raba littafinsu zuwa Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, ko da yake Bulus a wasiƙarsa ga Romawa ya gargaɗe su kada su yi wa Yahudawa taƙama. Alƙur'ani ya tabbatar da falalar da aka yi wa Bani Isra'ila da alkawarin da aka riƙa daga gare su, ya zarge su da warware shi, kuma a Suratul Baƙara an faɗa wa Annabi Ibrahim cewa alkawarin shugabanci ba zai kai ga azzalumai daga zuriyarsa ba.

Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, don haka ɗalibi zai iya duba waɗannan wurare da kansa. Kafin darasi na gaba, a karanta Farawa babi na 15, Fitowa babi na 24 da Amos babi na 9. A kowanne a lura da wanda ya yi magana, da wanda ya amsa, da wanda nauyin rantsuwar ya hau kansa, a zo aji da amsa a rubuce.